Rubutu ɗaya a kwamfuta da waya: wace ma'ajiya za a zaɓa, kuma yaushe ya kamata a biya kuɗi?

Tambayoyin da aka turo a wannan mako sun taru ne a kan matsalar mai yin rubutu a kwamfuta wanda yake so ya ci gaba da gyara shi a wayarsa ba tare da kwafi sun cakuɗe masa ba. Na zaɓi guda huɗu, kuma ta farko ce za ta fi cin wuri.

Tambaya: Ni ɗaliba ce a shekarar ƙarshe a jami'a, ina rubuta kundin kammala digiri. Da dare nake buga shi a kwamfuta idan an kawo wuta, da rana kuma nakan so in duba shi a waya in yi gyara. Dabarata ita ce in tura wa kaina fayil ɗin ta WhatsApp. Yanzu ina da kwafi shida, har da wanda na sa wa suna "na ƙarshe" da wani "na ƙarshen ƙarshe", kuma ban san wanne ne ke ɗauke da gyaran malamina ba. Tsakanin Google Drive da OneDrive da Dropbox wanne zan zaɓa?

'Yar'uwa, kafin a je ga zaɓin, ya kamata ki gane inda matsalar ta samo asali. Duk lokacin da kika tura fayil ta WhatsApp ko imel, ko kika kwafe shi a filash, kin haifi sabon fayil ne wanda ba ruwansa da na asali, kuma daga wannan lokaci kowannensu zai bi tasa hanya. Abin da ma'ajiyar intanet take yi dabam ne. Fayil ɗaya tak ake ajiyewa a na'urorin kamfanin, kwamfutarki da wayarki kuma duk shi suke buɗewa, ta yadda gyaran da kika yi a ɗaya zai hau can, ɗayar kuma ta sauko da shi da zarar ta samu intanet. Saboda haka aikinki na farko shi ne ki zauna ki buɗe kwafin nan shida, ki duba kwanan watan da aka yi wa kowanne gyaran ƙarshe, ki tattara gyare-gyaren cikin guda ɗaya, sauran biyar ɗin ki kulle su a wata folda da ba za ki sake taɓawa ba.

Game da zaɓi, tunda da Word kike rubutu, kuma kundin digiri yana da ƙa'idojin tsari masu tsauri, OneDrive nake ba ki shawara. Na kamfanin Microsoft ne kamar Word ɗin, yana zuwa a cikin Windows 10 da Windows 11, kuma yana ba da gigabait 5 kyauta. Google Drive yana ba da gigabait 15, Dropbox kuwa 2 kacal, sannan tun 2019 ya taƙaita asusun kyauta ga na'urori uku. Kada yawan gigabait ya ruɗe ki. Kundi mai shafi ɗari, idan ba a cika shi da hotuna ba, da wuya ya kai megabait biyu, gigabait ɗaya kuwa kusan megabait dubu ne, don haka ko mafi ƙanƙantar ma'ajiyar nan ta ishe ki har ki gama digiri na uku. Abin da ya fi muhimmanci shi ne wace ma'ajiya ce ta fi jituwa da manhajar da kike rubutu da ita. A waya ki sauke Word, ki shiga da asusun Microsoft ɗin da kike amfani da shi a kwamfuta. A na'urar da faɗin fuskarta bai wuce inci 10.1 ba, wato kusan kowace waya, ana yin gyaran yau da kullum kyauta.

Google Docs ma yana buɗe fayil ɗin Word ya gyara shi kai tsaye, kuma ga wasiƙa ko takardar neman aiki babu abin da zai same ki. Kundi ne ke da wuyar sha'ani, domin shafukan farko suna ɗauke da lambobin Romawa, sauran kuma da lambobin da muka saba, ga jadawali, ga bayanan ƙasan shafi, ga jerin abubuwan da ke ciki. Irin waɗannan ne suke gocewa idan fayil yana yawo tsakanin Word da Google Docs da WPS Office. Ki tsaya a kan manhaja ɗaya, kuma a waya ki taƙaita kanki ga gyaran kalmomi da jimloli, ki bar wa kwamfuta aikin tazarar layi da gefen shafi. Idan rubutun yana da haruffanmu masu ƙugiya, wato ƙ da ɗ da ɓ, ki buɗe shi a na'urorin biyu tun da wuri ki tabbatar salon harafin da kika zaɓa yana nuna su daidai, don kada sai ranar bugawa ki tarar da ƙananan akwatuna a gurbinsu.

Akwai wani tarko da nake so ki gani da idonki, domin shi ne zai iya mayar da ke gidan jiya. A ce ƙarfe goma sha ɗaya na dare kin gama babi na huɗu, aka ɗauke wuta, batir ya kusa ƙarewa, kika danna ajiye kika rufe kwamfutar nan take. Rubutun yana cikin kwamfutar, amma bai riga ya hau ma'ajiya ba. Da safe a cikin mota kika buɗe waya, sai ta nuna miki babin yadda yake shekaranjiya, kika gyara sakin layi biyu a kansa. Da dare kwamfutar ta kama intanet, sai ga gyara biyu da suka saɓa wa juna. Idan OneDrive ya kasa haɗa su, zai ajiye kwafi biyu, ya liƙa sunan kwamfutarki a ƙarshen sunan ɗaya daga ciki. Maganin wannan bai wuce duba wata 'yar alama da ke gefen sunan fayil ba. Kibiyoyi biyu masu zagaye suna nufin ana kan turawa, alamar daidai mai launin kore tana nufin an gama, hoton gajimare mai launin shuɗi kuma yana nufin fayil ɗin yana intanet kaɗai, bai sauko kwamfutar ba. Kada ki rufe kwamfuta sai kin ga koren, kuma ki rufe fayil a na'ura ɗaya kafin ki buɗe shi a ɗayar.

Ranar da za ki kai shi shagon buga takardu, ki mayar da shi PDF ki tura musu. Kada ki shiga asusunki a kwamfutar shago.

Tambaya: Malam, ni sakataren wata ƙungiyar manoma ne a ƙauye, kuma intanet ɗinmu sai an hau tudu. Wannan tsari zai yi mini aiki? Ba zai cinye mini data ba?

Zai yi maka aiki, malam sakatare, muddin ka shirya tun kana inda ake samun intanet. A manhajar Google Docs ko Google Drive ta waya akwai zaɓin da ke sa a riƙe fayil a cikin wayar don a buɗe shi ba tare da intanet ba, OneDrive na kwamfuta ma yana da zaɓin ajiye fayil a na'urar a kowane lokaci. Sai ka yi rubutunka a gida, idan ka hau tudun nan gyaran ya tafi. Takardun rubutu ba su cin data da za a ce an ci. Abin da ke cinye ta shi ne tura hotuna da bidiyon kyamara kai tsaye, don haka idan manhajar ta nemi izinin yin hakan ka ce a'a.

Abubuwa biyu kan sa mutum ya ɗauka tsarin ya lalace alhali lafiyarsa ƙalau. Manhajar Drive tana da saitin da ke hana tura fayil sai an samu Wi-Fi, wanda kuma bai da Wi-Fi zai yi ta jira har gemu ya yi fari idan bai kashe shi ba. Haka nan OneDrive a Windows yakan dakatar da aiki da kansa idan ya ga layin intanet ɗin na ƙayyadaddiyar data ne, ko kwamfutar ta shiga yanayin tattalin batir, kuma wannan kan faru idan da wayarka kake ba kwamfutar intanet. Ka danna hoton gajimaren da ke kusa da agogo ka umarce shi ya ci gaba.

Tambaya: Google ya aiko mini da saƙo cewa ma'ajiyata ta cika, har na kasa buɗe sabuwar takarda. In sayi ƙarin wuri ne? Na kuma ga wani yana tallar asusu mai terabait biyar (wato kusan gigabait dubu biyar) na har abada a kan kuɗi kaɗan.

Kada ka yi gaggawar biya, ɗan'uwa, sai ka ga abin da ya cika ma'ajiyar, kuma ina da yaƙinin ba takardunka ba ne. Gigabait 15 ɗin nan raba shi ake yi tsakanin Drive da Gmail da Google Photos. Tun ranar 1 ga Yunin 2021 hotuna da bidiyon da ake ɗorawa a Google Photos suka fara shiga lissafi, daga farkon 2024 kuma ajiyar hirarrakin WhatsApp ta wayoyin Android ita ma ta shiga ga kowa da kowa. Mutumin da ke cikin zaurukan WhatsApp goma, na 'yan'uwa da na unguwa da na tsofaffin ɗalibai, inda ake turo bidiyon biki da wa'azi ba dare ba rana, zai iya cika ma'ajiyarsa bai rubuta shafi ko ɗaya ba. Ka shiga saitin WhatsApp ka cire bidiyo daga abin da ake ajiyewa, ka share manyan saƙonnin imel da ba ka buƙata, sannan ka zubar da kwandon shara, domin abin da ke cikinsa yana ci gaba da cin wuri. Ka yi wannan da wuri, saboda cikar ma'ajiya tana iya hana Gmail ɗinka aikawa da karɓar saƙo.

Idan bayan wannan har yanzu wuri bai isa ba, akwai hanyoyi biyu na halal. Google One yana sayar da gigabait 100 a kan biyan wata-wata ko shekara-shekara, kuma shi ya dace da wanda hotuna ne damuwarsa. Microsoft 365 na mutum ɗaya yana zuwa da terabait 1 haɗe da cikakken Word, akwai kuma na iyali wanda mutum shida za su iya rabawa, kowa da nasa terabait ɗin, kuma babu mai ganin fayilolin wani. Ga wanda rubutu ne sana'arsa, na biyun ya fi riba, musamman idan aka haɗa kuɗi a gida ɗaya. Sai dai ka sani haya ce kake biya. Ranar da ka daina biya, idan kayanka sun haura iyakar kyauta, tura sabon gyara zai tsaya.

Shi kuwa mai tallar terabait biyar na har abada, ka rabu da shi. Galibin irin waɗannan asusu an buɗe su ne a ƙarƙashin rajistar wata makaranta ko ma'aikata, wanda ke riƙe da ragamar rajistar yana iya canza kalmar sirrinka, ya shiga fayilolinka, ko ya rufe asusun, kuma kamfanin ma yana iya soke rajistar gaba ɗaya. Araha ba ta ado. Wannan gargaɗi ya shafi ɗalibai masu ajiye komai a asusun da jami'a ta ba su, domin makarantu da yawa suna rufe shi bayan an kammala karatu.

Tambaya: Na goge wata takarda a waya don in samu wuri, da na buɗe kwamfuta sai na tarar ita ma babu. Ashe ba ajiya ake yi mini ba?

Hajiya, tsarin ya yi abin da aka gina shi ya yi ne. Aikinsa shi ne ya sa na'urorinki su zama iri ɗaya, saboda haka yadda yake kai gyara ko'ina haka yake kai gogewa, kuma da za ki share babi guda bisa kuskure ki ajiye, kuskuren ma zai bazu. Amma takardarki ba ta ɓace ba tukuna. Google Drive da OneDrive na asusun mutum ɗaya da Dropbox na kyauta duk suna riƙe abin da aka goge na tsawon kwana 30. Ki shiga ma'ajiyar ta burauza, ki buɗe kwandon shara, ki zaɓi takardar ki dawo da ita, za ta koma foldar da take a na'urorin biyu. Idan kuma matsalar gyara ce da ta ɓata rubutu, kowace daga cikin ma'ajiyun nan tana da tarihin sauye-sauyen fayil, inda za ki ga yadda takardar take jiya ko makon jiya ki koma can.

Nan gaba, idan wuri kike nema a waya, ki cire kwafin da aka sauke a wayar kaɗai ta hanyar kashe zaɓin buɗewa ba tare da intanet ba, fayil ɗin zai ci gaba da zama a ma'ajiya. Takardun da ba za ki iya jure rashinsu ba kuma, irin su yarjejeniyar haya ko lissafin gado, ki riƙa kwafe su a filash duk ƙarshen wata, ki rubuta kwanan watan a sunan foldar, sannan ki zare filash ɗin daga kwamfutar ki ajiye shi a wani wuri dabam.