Sayar wa baƙo daban, fitar da kaya waje daban

Ɗana, ka tambaye ni: idan mutumin wata ƙasa ya zo ya sayi kaya a hannunka ya biya, za ka iya cewa ka fitar da kaya waje? A'a, ciniki ka yi kawai. Shi da ya tsallaka iyaka da kayan, sunansa na kan takardun kwastam, shi ne ya fitar. Wanda ya bi ta ɓarauniyar hanya kuwa fasa-ƙwauri ya yi, ko da kayan na halak ne.

Ranar da sunanka ya hau takarda, nauyi ya hau kanka. Za a nemi takardar ciniki, da shaidar asalin kaya, da takardar lodi daga kamfanin jirgi. Kowane kaya kuma da lambarsa a tsarin Hukumar Kwastam ta Duniya, wanda ya fara aiki a 1988. Wannan duk za ka koya a hankali.

Abin da nake so ka riƙe da kyau shi ne inda nauyin yake sauka daga kanka. Tun 1936 Majalisar 'Yan Kasuwa ta Duniya da ke birnin Paris ta tsara ƙa'idojin Incoterms, masu fayyace nauyin mai sayarwa da na mai saye wajen kai kaya, bugun 2020 yana da guda 11. Ɗauki biyu. A FOB, da zarar kaya sun hau jirgin ruwa a tashar lodi, hannunka ya fita. Kuɗin jirgi da duk abin da ya faru a teku na mai saye ne. A CIF kai za ka biya kuɗin jirgi da inshora har tashar sauka. Nan ne da yawa suke tuntuɓe, suna zaton tunda su suka biya, asarar hanya ma tasu ce. Ba haka ba ne. Ko a CIF, haɗarin yana komawa kan mai saye tun a tashar lodi. Idan ruwa ya shiga kwantena a tsakiyar teku, kamfanin inshora mai saye zai nufa, ba kai ba, muddin lafiya ka loda kayan.

Shi ya sa ba na barin a rufe kwantena sai na tsaya a kai. Ka duba ko rufinta na yoyo, ka ɗauki hoton kayan a ciki, sannan ka gwada lambar hatimin ƙofa da wadda aka rubuta a takardar lodi, harafi bayan harafi. In sun saɓa, kada ka karɓi takardar sai an gyara.