Tambaya da Amsa: Shugabanmu ya ce mu sauya kwamfutoci don kare muhalli

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni ce mai kula da sayen kayan aiki a wani kamfani mai ma'aikata kusan arba'in. Shugabanmu ya dawo daga wani taro da zancen kare muhalli a bakinsa, ya ce in kwashe duk kwamfutocinmu da firintoci uku, in sayo sababbi masu tambarin koren ganye, wai ba sa cin wuta. Kwamfutocin shekararsu huɗu, suna aiki, sai dai nauyi. Dillalin kuma sai ɗaga mini takardar ISO 14001 yake yi. Raina bai kwanta ba, amma na rasa abin da zan ce wa shugaba. Daga wata mai karatu.

AMSA: Wa alaikumus salam Malama. Ranki da ya ƙi kwanciya ya fi dillalin gaskiya.

Abin da shugabanku bai jiyo a taron ba shi ne, kwamfutar tafi-da-gidanka ta gama yawancin ɓarnarta ga muhalli tun kafin a ciro ta daga kwali. Haƙo ma'adinai, narkar da alminiyom, ƙera allon fuska da 'yan ƙananan sassan da ke cikinta a masana'antun da ba sa kashe wuta dare da rana, nan hayaƙin yake. Kamfanoni irin su Dell da HP da Apple suna wallafa lissafin iskar kabon na kwamfutocinsu, kuma idan kika duba za ki ga kason ƙerawa ya ninka na wutar da za ta sha a tsawon rayuwarta. Cajarta ma wat 45 zuwa 65 ce galibi. Na'urar sanyaya ɗaki guda da aka manta a kunne bayan an tashi aiki ta fi kwamfutoci goma cin wuta. To a jefar da arba'in masu rai a ƙero wasu arba'in don a rage ɗan wannan, ai an gudu ne ba a tsira ba.

Na taɓa aiki a wani ofis da aka yi irin wannan kwashe-kwashe. Wata rana ina neman igiyar firinta na buɗe sito, sai ga kwamfutoci jibge a kan juna har sun kusa taɓa rufi, ƙura ta yi musu bargo, batirin ɗaya ya kumbura ya ɗaga madannai. Na ɗauki guda na kai wa mai gyara. Kusoshi takwas ya kwance, ya cire tsohon faifan ajiya mai juyawa ya sa SSD, wato sabon faifan ajiya marar juyawa mai sauri, ya ƙara mata ƙwaƙwalwa, ya hure ƙurar da ta toshe fanka. Ko rabin awa bai yi ba. Na yi shekara uku ina rubutu da ita. Nauyin da kike kuka da shi, sau da yawa maganinsa ke nan.

Sai dai kada in rufe miki wani abu. Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba, 2025, kuma Windows 11 ba ya hawa kwamfutar da ba ta da abin tsaron nan da ake kira TPM 2.0. Naku masu shekara huɗu da wuya su rasa shi, amma ki sa mai kula da na'urorinku ya bi su ɗaya bayan ɗaya. Wadda ta gaza, ita ce za a yi maganar sauyawa.

Firinta kuwa hukuncinta daban. Mai aiki da hodar tawada tana da wani abin gashi a ciki da ke ɗaukar zafi kusan digiri 200 don ya manne hodar a jikin takarda, shi ya sa takardar ke fitowa da ɗumi. Tsofaffin samfura kan riƙe wannan zafi su yini suna shan wuta ko ba wanda ya aika musu aiki. Idan naku irin waɗannan ne, sayen guda ɗaya mai kyau da kowa zai riƙa aikawa gare ta ya fi ajiye uku. A saita ta tana buga gaba da baya, tana yin barci da kanta. Kwankon tawada kuma a daina jefawa a shara: Canon ta fara karɓar nata tun 1990, HP ta bi sahu a 1991.

Yanzu takardar dillali. ISO 14001, wadda aka fara fitarwa a 1996, shaida ce cewa kamfani yana da tsarin lura da tasirinsa ga muhalli, yana rubutawa, ana zuwa ana dubawa. Ba ta ce komai a kan na'urar da ke gabanki ba, ba ta kuma ƙayyade yawan hayaƙin da masana'anta za ta fitar ba. Koren ganye a jikin kwali kuwa, kowa na iya zana shi. Tambarin da ke magana a kan na'urar kanta su ne Energy Star, wanda hukumar kare muhalli ta Amurka ta ƙirƙiro a 1992 don auna cin wuta, da EPEAT, da Blue Angel na Jamus da ke nan tun 1978. Ni dai in zan saya, tambayar da nake fara yi ba ta da tambari: batirin nan ana iya cire shi da sukudireba, ko manne shi aka yi da gam? Shekara nawa za ku ci gaba da sayar da kayan gyaransa? Faransa ta ɗauki abin da muhimmanci har ta wajabta, daga 2021, a riƙa liƙa wa kwamfutocin tafi-da-gidanka da wayoyi makin sauƙin gyara, daga sifili zuwa 10.

Akwai kuma tambayar da ban ga kin yi ba: ina tsofaffin za su? Rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya ya ce a 2022 duniya ta zubar da tan miliyan 62 na sharar kayan lantarki, kuma kashi 22 cikin ɗari kacal aka tabbatar an tattara an sarrafa yadda ya dace. Da yawa daga cikin saura ana binnewa, ko a cinna wa igiyoyin lantarkinsu wuta don ciro jan ƙarfe, masu ƙonawar su shaƙi gubar. Duk dillalin da ya ce zai karɓi tsofaffi, ki nemi ya rubuta miki sunan wanda zai miƙa wa da abin da za a yi da su.

Shi kuma shugaba, kada ki tare shi da "a'a", ba a son haka a gaban ma'aikata. Ki gyara kwamfuta biyu tukuna, ki ajiye masa ɗaya a tebur ya yi mako guda yana aiki da ita, sannan ki kai masa lissafin gyaran arba'in kusa da na sayen arba'in. Waɗanda za su fita daga ofis kuma, a goge faifansu sarai ko a cire shi kafin su ƙetare ƙofa, domin albashin ma'aikata da wasiƙun kamfani suna nan a ciki ko an danna "share".