Yaya, ga amsar tambayarki kan dokar ba yaro mama

Yaya, ina yi miki sallama irin ta addinin Musulunci. Yaya gida, yaya yara, yaya ƙafar Inna? Na saurari saƙon muryarki har sau uku, dariyar da kike yi a ciki ta sa ni ma na dara ni kaɗai a kicin. Kin ce a rediyo kika ji wai a ƙasar Turawa sai da majalisa ta zauna ta yi doka kafin mace ta samu damar ba ɗanta mama a cikin mutane, matan gidanmu kuma suka ce wannan shaci-faɗi ne. Magana ce da minti biyun waya ba zai ɗauke ta ba, shi ya sa na zauna na rubuta. Auta ya karanta muku bayan isha'i, idan an shimfiɗa tabarma.

Gaskiya ne, ba a yi miki ƙarya ba. A nan Sikotilan inda muke, wani yanki na ƙasar Birtaniya, tun shekarar 2005 dokar take aiki. Wata 'yar majalisa mai suna Elaine Smith ce ta kawo ƙudurin. Abin da dokar ta ce shi ne, duk wanda ya hana a shayar da yaron da bai kai shekara biyu ba, da gangan, a wurin da jama'a ke shiga kuma aka yarda yaro ya shiga, to ya yi laifi, ana iya cin sa tara har fam 2,500. Ko nonon uwa ne ko madara a fida, duk dokar ta rufe su. Ranar da na fara jin shekara biyun nan sai ayar Baƙara ta faɗo mini, inda Allah Ya ce uwaye su shayar da 'ya'yansu shekara biyu cikakku ga wanda ya so cika shayarwa. Na ce ikon Allah, sun sha kewaye sun dawo inda Malam ya bar mu a makarantar allo.

Ni kaina ban san da dokar ba sai da abin ya faɗo a kaina. Kin tuna haihuwar babban yarona, shekara guda da zuwanmu Gilasgo. Yana wata uku na fita da shi sayayya cikin hunturu, irin sanyin da ke sa yatsu su ƙi lanƙwasuwa. Ya farka ya tsala kuka, na shiga wani wurin shan shayi a cikin babban kanti, na nemi kujerar lungu, na ja hijabina na rufe shi ruf. Ko ƙafarsa ba a gani. Sai ga wani saurayi ma'aikacin wurin ya zo, cikin ladabi kuwa, ya ce akwai wanda ya yi ƙorafi, ko zan koma banɗaki in ƙarasa. Banɗaki, Yaya! Wurin da ko da addu'ar shiga muke shigarsa, nan zan kai jariri ya ci abincinsa. Turancina a lokacin bai nuna ba, kunya ta rufe ni, har na fara tattara jaka. Wata tsohuwar Baturiya da ke teburin kusa ta ɗora hannu a kafaɗata ta ce in zauna, ta juya ga yaron ta gaya masa abin da yake yi laifi ne a doka, ya kira mata shugabansa. Shugaban ya zo yana ba da haƙuri, har da shayi kyauta. Ban iya shan shayin ba, hannuna rawa yake yi. Amma ɗana ya ƙoshi a inda yake.

Za ki ce to me ya kai su ga haka tun farko. Abin da na fahimta a zaman da na yi da su, sun daɗe da sakin shayarwa. Tun zamanin yaƙin duniya na biyu gwamnatinsu ta riƙa samar wa jarirai madarar gari, kamfanoni suka biyo baya da talla, har aka wayi gari kaka fida ta ba 'yarta, 'yar ma fida ta ba tata. Yarinya sai ta girma ta yi aure ba ta taɓa ganin wata mace tana ba yaro mama ba. A wani binciken gwamnati na 2010, cikin mata 100 da suka haihu a Birtaniya 81 suka fara shayarwa, amma da aka kai wata shida 34 suka rage, kuma wadda ke ba da nono zalla a lokacin ɗaya ce tak cikin ɗari. Ido kuwa abin da bai saba gani ba shi yake ƙyama. Abin da ya fi ɗaure mini kai, da zafi ya ɗan leƙo za ki ga mata a titi da tufafin da ke ko a ɗaka ba za ki sa ba, babu mai ɗaga kai. Amma uwa ta zauna ta ba jariri abincinsa, sai wani ya ɓata rai. Su a wurinsu ƙirjin mace ya tashi daga kwanon abincin yaro, ya koma kayan kallo kawai.

A Ingila dokar ta zo ne a 2010, cikin babbar dokarsu ta hana wariya, kuma ba ta kai tamu haƙora ba. Can mace ce za ta kai ƙarar mai kanti ko mai mota kotu da kanta, mu nan laifi ne da ɗan sanda zai iya shiga. Duk da dokar, a 2014 wani otal na masu kuɗi a Landan ya sa an lulluɓe wata mai shayarwa da ƙyallen tebur, mata suka taru a ƙofar otal ɗin cikin sanyi kowacce da jaririnta a ƙirji. Amurka kuwa sai 2018 jihohinsu 50 suka cika da halasta abin.

Yanzu bari in zo kan mu, don na san shi kike son ji.

Mu Hausawan nan ba mu da yawa, kusan duk mun san juna, kuma kusan dukkanmu muna shayarwa. Wanda ya sha kunun kanwa ba ya mantawa. Idan mace ta haihu, in Allah Ya sa an samu biza, uwarta ko gwaggonta takan zo ta yi wata shida, iyakar abin da takardar baƙo ta yarda ke nan. Ki tambayi Inna ta ba ki labarin zuwanta haihuwata ta biyu, yadda ta nemi ganyen darbejiya a garin nan ta rasa, ta haƙura da tawul da ruwan famfo mai zafi, da ranar da turaren wutarta ya tayar da na'urar hayaƙi har maƙwabta suka fito. Wadda ba ta samu kowa daga gida ba, mu ne iyayenta. Muna raba kwanaki, wannan ta kai farfesu, waccan ta dama kunu da geron da aka sayo a shagon 'yan Afirka da tsada kamar zinariya, wata ta kwashe manyan yaran zuwa makaranta. Arba'in ɗin ma ba kowa ke cika ta a ɗaka ba, don ma'aikaciyar lafiya za ta zo gida ta auna jariri, asibiti zai kira, miji yana wurin aiki, kuma babu almajiri ko ƙanwar da za a aika. Dole mai jego ta fita, idan ta fita kuwa yaro zai ji yunwa a hanya.

A nan ne muka rabu. Akwai irina, masu babban hijabi, duk inda ya kama sai mu zauna mu rufe, a bas ko a layin asibiti, sau da yawa na kusa da mu bai ma san abin da ake yi ba. Akwai waɗanda ba za su iya ba ko kusa. Kafin su fita sai su tatsa su zuba a fida, ko su koma mota su kulle ƙofa, ko su yi ta jijjiga yaro yana kuka har a iso gida. Ba na ganin laifinsu. Baƙar fata ce ke, ga hijabi, tun kafin ki zauna ido yana kanki, wa ke son ƙara wa kansa kallo? Sai dai na lura irin waɗannan su ne ke saurin komawa madarar gwangwani, wata huɗu an yaye, don wahalar ta yi yawa. Sannan ga 'yan matanmu da aka haifa a nan, waɗanda yanzu suka fara haihuwa. Su ba sa neman lungu. Dokar a bakinsu take kamar karatun Fatiha, wanda ya tanka musu zai ji abin da bai shirya ji ba. Wani lokaci har ni sai in ji kunya ta kama ni a madadinsu, amma a raina ina cewa da ma ina da rabin bakin nan ranar da aka nuna mini banɗaki.

A wurin suna ko walima, inda muke haya zaure mu raba ɓangaren mata, nan kam gida ne sak. Kowa ta baje, wata tana ba da mama tana cin waina, tsofaffi suna gyara wa sabuwar uwa riƙon yaro. Haka ɓangaren mata a masallaci ranar Juma'a.

Mazanmu ma bakinsu bai zo ɗaya ba. Akwai wani dattijo a cikinmu, mutumin kirki, da ke cewa wannan doka ƙofar rashin kunya ce, mace mai mutunci ta shayar a gidanta. Na taɓa gaya wa matarsa ta tambaye shi, ita uwarsa da take goya shi zuwa gona, gida take komawa duk lokacin da ya yi kuka? Dokar ba ta ce wa kowa ta buɗe jikinta ba, mai son rufewa ta rufe. Hannun mai kora kawai ta riƙe. Abban su yara shi ya tuna mini labarin Sayyidina Umar, da aka ruwaito ya ji jariri yana kuka cikin dare a zangon fatake a Madina, ya tambayi uwar, ta ce yaye shi take son yi da wuri don Umar ba ya yanka wa yaro kaso daga baitulmali sai an yaye shi. Da gari ya waye ya sa aka yi shela kada a gaggauta yaye, kowane jariri yana da kasonsa tun ranar haihuwa. Ashe shugaba ya sa baki a maganar nono ba Turawa suka fara ba.

To ni dai a ganina, a ƙasar nan dokar ta zama dole. Ba ta hana harara, ba ta hana tsaki, kuma ban taɓa sanin wanda aka ci tarar a unguwarmu ba. Amfaninta shi ne ta ba tsohuwar nan abin da za ta faɗa, ta sa mai kanti ya ja kunnen yaransa tun kafin su fara aiki. A gida abin da ke tsare mai goyo jama'a ne. Ki tuna motar kasuwar Maigatari ranar Alhamis, an cusa mutane kamar buhunan gero, yaro ya fara kuka, kafin uwar ta motsa wani dattijo daga gaba zai ce baiwar Allah ba shi mama mana, maza su kau da kai, hira ta ci gaba. Ko mai ɗan fari da ke jin nauyin surukai, juya baya kawai take yi ta ja mayafi. Inda abu yake haka, kawo irin dokarmu ɓata takarda ne.

Inda nake jiye muku daban ne. Na farko wayar hannu. Yanzu kowane yaro yana da kyamara a aljihu, kuma na ga yadda ake ɗaukar mutane a biki da asibiti a watsa ba da saninsu ba. A Ingila da Wels sun yi doka a 2022, wanda ya ɗauki hoton mai shayarwa ba da yardarta ba don sha'awa ko don ya wulaƙanta ta, yana iya shan ɗaurin shekara biyu. Wannan kam da majalisar Dutse za ta duba, da na yi murna. Na biyu masu aikin albashi, irin 'yarki da ke koyarwa a Gumel. Dokar ƙwadago ta Najeriya ta ba mai shayarwa rabin awa sau biyu a rana don ta ba yaro mama, abin da ko nan Birtaniya ba a rubuta shi ƙarara haka ba, sai dai mu hutun haihuwarmu yana iya kaiwa sati 52. Kaduna ta mayar da hutun ma'aikatanta mata wata shida a 2019. Ki tambaye ta ko ta san da rabin awar nan, ko kuwa a gida take barin jaririyar da kwalbar ruwa.

Ruwan nan ma, tunda na taɓo shi, kada ki ce na zama Baturiya. Kusan kowace mace a wajenmu tana shayarwa har yaro ya yi tafiya, amma binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna jarirai 29 ne kawai cikin 100 'yan ƙasa da wata shida ke shan nono zalla a Najeriya. Sauran ana ɗura musu ruwa ko jiƙo, wai zafi ya yi yawa, alhali nonon kansa galibinsa ruwa ne, kuma ruwan randa shi ke kawo gudawa. Dakashin farko da wasu tsofaffi ke cewa a matse a zubar, ungozomar asibitin nan har cikin ɗan sirinji ta tara mini shi ta ɗiga wa yaro a baki, ko ɗigo ba ta bari ya zube ba. Na san Gwaggo za ta ce haka aka rene mu kuma ga mu da ranmu. Ki bar ta ta faɗa, amma amaryar Auta da ke da tsohon ciki, ki ja ta gefe ki gaya mata.

Idan mai zuwa ya samu, a aiko mini da kanwa ungurnu da ɗan kimba, akwai yarinyar Haɗeja a nan da za ta sauka watan gobe, an hana uwarta biza, ni zan yi mata zaman jego. Ki gaishe da Inna, ki ce mata maƙwabciyar nan da ta fito da bokitin ruwa ranar turare har yanzu tana tambayarta.