Tambaya Da Amsa: Na Canja Tsirkiya, Birij Ɗin Jitata Ya Ɗaga Sama

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, dan Allah a taimaka min. Jitata ta lantarki irin Stratocaster ce mai tiremolo, wato sandar da ake dannawa dan lanƙwasa sauti, da can tsirkiya mai lamba 9 nake sawa sai na koma lamba 10, toh tunda na ɗaura bayan birij ɗin, wato ƙarfen da ke riƙe tsirkiyoyi a jikin jitar, ya ɗaga sama sosai, tsirkiyoyin sun yi nisa da firet, siraran ƙarafan nan da ke jere a wuyan jitar, har yatsuna ciwo suke, kuma in na saita guda ɗaya sai sauran su sauka, in na koma kansu ita kuma ta sauka. Abokina yace in ɗaure ƙarfen nan na cikin wuyan jitar. In ɗaure ko in bari?

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Ka ajiye alankin, wato makullin juya ƙarfen wuyan, tukuna, kar ka taɓa wuyan yanzu, jitarka lafiyarta ƙalau.

Juya ta ka cire murfin robar nan na baya, zaka ga sifirin, yawanci guda 3 amma akwai wajen 5, sun maƙale a jikin wani ƙarfe mai ƙugiyoyi da sukuru biyu dogaye suka riƙe a katako. Tun 1954 da Leo Fender ya fito da Stratocaster haka tsarin yake, ja-in-ja ne kawai, tsirkiya na jan birij ta gaba sifirin na jansa ta ƙasa, inda ƙarfinsu ya zo ɗaya nan birij yake tsayawa. Kai kuma ka sa tsirkiya mai kauri wadda ta fi ja, ka bar sifirin yadda suke, dole bayan ya tashi. Saitin da ke gudu ma daga nan ne, duk sanda ka ƙara wa ɗaya ƙarfi birij ya ƙara sunkuyowa sauran biyar ɗin su saki.

Gyaran shine ka ƙara ɗaure sukurun nan biyu, amma kaɗan-kaɗan, rabin juyi a wannan rabin juyi a wancan, sai ka sake saita tsirkiyoyin duka shida ka duba, ka sake. Anan mutane suke ƙosawa wallahi, mutum ya ɗaure sukuru bai sake tiyunin ba ya kalli birij yace ya zauna, alhali abin da yake gani ƙarya ne, sai ya saita sauti birij ya koma wani wajen. Kamfanin Fender ya ba da kusan milimita 3.2 tsakanin bayan birij da jikin jita in kana so ya zauna yana lilo, wato ka iya danna sandar ƙasa ka iya jawo ta sama. In ka ɗaure sukurun sun kusa ƙurewa har yanzu bai sauko ba ƙara sifirin na huɗu.

Akwai dabarar da ta fi sauri. Sassauta tsirkiyoyin, ka sami ɗan guntun katako ko kati da ka ninninka ka cusa tsakanin dunƙulen ƙarfen birij ɗin da bangon ramin, ta ɓangaren da ba sifirin, daidai kaurin da zai tsayar da birij a inda kake so. Yanzu ka saita sauti, ba zai gudu ba tunda an tokare shi. Sai ka dinga ɗaure sukurun a hankali har katakon ya saki ya zame da kansa, shikenan ƙarfin ya zo ɗaya.

Ni dai ra'ayina, in ba kana jan sandar sama bane a kiɗanka, ka ɗaure kawai har birij ya kwanta a jikin jita, ka huta. Zaka iya dannawa ƙasa, kuma ko tsirkiya ta tsinke ana tsakiyar wasa sauran basa watsewa. Shahararren makaɗin jita Eric Clapton ma katako ake toshe masa nashi gaba ɗaya.

Sai yanzu maganar abokinka ta shigo, dan ba gaba ɗaya ya kuskure ba, tsirkiya mai kauri tana ƙara lanƙwasa wuya. Sa kafo, wato abin da ke matse tsirkiyoyin gaba ɗaya, a firet na 1, danne babbar tsirkiya a firet na ƙarshe, ka leƙa tazarar da ke tsakaninta da saman firet na 8, ana so kamar milimita 0.25, ɗan siririn fili dai. In ya fi haka sosai ka juya ƙarfen cikin wuyan ta hannun dama kwata ɗin juyi, ka bari ya ɗan zauna, ka sake saiti ka auna. In kaji ya ƙi juyuwa kar ka matsa masa da ƙarfi, kai wa mai gyara, karyewar ƙarfen nan ba ƙaramin aiki bane.

Bayan wuya sai tsayin tsirkiya. Kowace tana zaune akan ɗan sirdinta mai ƙananan sukuru biyu, ka sauke su tare dan kar sirdin ya karkace. A firet na 17 Fender na cewa kusan milimita 1.6, amma wannan mafari ne kawai, mai dukan tsirkiya da ƙarfi zai so ya ɗan ɗaga manyan, in kaji zizar ƙarfe ta fito a amfilifaya ka wuce gona da iri, mayar kaɗan. Kuma na tsakiya su ɗan fi na gefe tsayi saboda fuskar wuyan ba shafe take ba, tana da ɗan tudu. Na ƙarshe ka danna firet na 12 ka duba tiyuna, na'urar auna sauti, in sautin ya haura ja sirdin baya, in ya gaza tura shi gaba.

TAMBAYA: Malam tawa mai birij irin Floyd Rose ce, tsirkiyar tayi sama da yawa kuma ban ga ƙananan sukurun sirdi ba, ina ake saukewa?

AMSA: Babu su ai. A Floyd Rose ginshiƙai biyun nan da birij ya jingina a kansu su ake juyawa, gaba ɗayansa yake sauka ko ya hau. Amma ka sassauta tsirkiya kafin ka juya, dan bakin birij ɗin da ke taɓa ginshiƙin kaifi gareshi, in ka murza da cikakken ja zai dakushe kuma daga nan saiti ya daina komawa daidai bayan ka danna sanda. Shi wannan ba a son bayansa ya ɗaga ko ya nutse, a kwance yake zama daidai da fuskar jita, ka kwance makullan saman wuya da alanki mai milimita 3 kafin ka fara, sai ka gama saiti tsaf sannan ka kulle.