Kare ya ciji yaro, miki ya warke: an tsira ke nan?

Tambaya: Assalamu alaikum likita. Daga wani ƙauye kusa da Tawa nake. Sati uku ke nan da karen garkenmu ya ciji ɗan ƙanena a hannu. Kafin nan karen ya yi faɗa da dila a daji, ya dawo ya canza hali. Mun kashe shi mun binne. Wani mai magani ya ƙona gashin karen ya shafa a mikin, yanzu ya warke sumul, amma hankalina bai kwanta ba. Yaron ya tsira? Kuma tunda daga namun daji cutar haukan kare take, mene ne amfanin yi wa karnuka allura?

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, yau ɗin nan a kai yaron likita, a gaya musu kare mai alamar hauka ne ya cije shi, a fara masa allurar rigakafi. Ba a makara ba muddin alamu ba su bayyana ba. In babu allurar a CSI ɗinku, wato ƙaramin gidan likita na yankinku, ku wuce Tawa, kada ku koma gida ku zauna. Kuma ba sau ɗaya ake yinta ba, duk ranar da aka yanka muku ku koma.

Maganar nan ta "ai ya warke" ita ce ke cinye mana yara, kullum sai na ji ta. Ƙwayar haukan kare ba ruwanta da warkewar miki. Tana kama jijiyoyin da ke kai saƙo ƙwaƙwalwa, ta bi su a hankali, fata ta rufe a bayanta, yaro yana wasansa lafiya lau. Yawanci wata 2 zuwa 3 take ɗauka, wani lokaci sati ɗaya, wani lokaci har shekara, kuma cizon fuska ko wuya ya fi saurin kai wa. Ran da ta isa, yaro ya fara firgita da ruwa, yawu na zuba, to ko a Yamai ko a Faransa babu abin da likita zai iya sai sauƙaƙa masa wahala.

To me ya sa mai toka da gashi yake da suna a gari? Saboda ba kowane kare mai cizo ne mahaukaci ba, kuma ba duk wanda mahaukacin ya ciza ne ke kamuwa ba. Waɗanda da ma za su rayu su ne shaidunsa. Wanda ya mutu bayan wata biyu kuwa, an riga an manta da cizon, sai a ce iska ce ko jifa, ba wanda zai koma ya tuhume shi. Ya karɓi kaza, ya cinye wa yaro lokacin da allura take aiki. Da a ranar an wanke mikin da ruwa da sabulu minti 15, da ya fi tokarsa amfani nesa ba kusa ba. Yaro amana ne, Malam, kuma neman magani bai saɓa wa tawakkali ba.

Tambayarka ta biyu, an daɗe da yi mata bincike. Sarah Cleaveland, likitar dabbobi ƴar Birtaniya da ke jami'ar Glasgow, ta fara bin wannan cuta a yankin Serengeti na Tanzaniya tun shekarun 1990, wurin da ya fi namu namun daji. Ita da abokan aikinta sun nuna cewa karen gida ne ke riƙe da cutar a can, daga gare shi take tsallakawa daji. Da aka yi ta yi wa karnukan ƙauyuka allura, cutar ta ja baya a karnukan, cizon da ake kai wa likita ya ragu, namun dajin ma suka samu sauƙi. Aikinsu ya ƙarfafa ƙa'idar da ake bi yanzu, ta yi wa kashi 70 cikin 100 na karnukan yanki allura. Dilanka yana iya ɗaukar cutar, amma sau da yawa shi ma wani kare ne ya ba shi. Cikin mutum kusan 59,000 da take kashewa duk shekara a duniya, har kashi 99 cikin 100 ta hanyar kare ne.

Turai ce ta yi fama da ita a daji, a jikin yanyawarsu, har a 1978 Suwizalan ta fara watsa kawunan kaji masu rigakafi a ciki don su ci. Mu ba mu kai nan ba, namu yana kwance a bakin garke.

Binne karen ma kuskure ne. Da kun sanar da ma'aikatan kiwo, da an aika kansa LABOCEL, gidan gwajin cututtukan dabbobi da ke Yamai, an tabbatar. Yanzu dai ku gaya musu abin da ya faru, su duba sauran karnukanku da duk akuya ko saniyar da ya ciza. Ku kuma tambayi yaran gida ɗaya bayan ɗaya, don da yawa suna ɓoye yakushi ko ɗan cizo saboda tsoron duka. Duk wanda karen ya ciza, ko ya yakusa, ko ya lashi wani miki a jikinsa, a haɗa shi a tafi da shi.