Tambaya da Amsa: Shaf ɗin tsohuwar silasha ya karye, sunan kamfani ya goge

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni manomi ne a yankin Saminaka. Na gaji tarakta Massey Ferguson 375 da injin yankan ciyawa, wato silasha, daga mahaifina, Allah Ya jiƙansa. Farantin da ke ɗauke da sunan silashar ya goge tun da daɗewa. Bana ina share karan masara sai kuros, wato ƙarfe mai siffar gicciye da ke gaɓar shaf ɗin da ke kai wa silashar ƙarfi daga tarakta, ya tarwatse, bututun kuma ya lanƙwashe. Duk shagon da na shiga sai a ce in faɗi sunan kamfani da lamba, ni kuwa ba ni da su. Wani mai walda ya ce in kawo farfelar tsohuwar mota, wato dogon shaf ɗin da ke kai ƙarfi tayoyin baya, ya haɗa mini. In yarda?

AMSA: Wa'alaikumus salam. Allah Ya jiƙan Baba, Ya sa ya huta. Kada ka yarda da maganar farfela, kuma ka daina wahalar da kanka kan sunan da ya goge. Yawancin masu ƙera silasha ba su suke yin shaf ɗin ba. Sayowa suke yi daga 'yan kamfanoni kaɗan, irin su Walterscheid na Jamus da Bondioli & Pavesi da Comer na Italiya, su ɗaura a jikin injinsu. Saboda haka da awo ake neman wannan kaya.

Fara da bayan taraktarka. Ƙarfen PTO na 375, wato ƙarfen da ke juyi inda ake ɗaura shaf, haƙora shida gare shi, kaurinsa inci 1 da 3/8, kusan milimita 35, yana juyi 540 a minti. Wannan shi ne ya fi yawa a taraktocin da ke gonakinmu. Akwai mai haƙora 21 na juyi 1,000, wanda ba naka ba ne, ko an rage maka kuɗi kada ka karɓa.

Sai kuros. Abu biyu ake aunawa: kaurin kofin da ke bakinsa, da tsawonsa daga ƙarshen kofi zuwa ƙarshen ɗayan. Tef ɗin tela ba zai yi ba, ka nemi bakanike mai kalifa, wato ma'aunin kaurin ƙarfe, domin rabin milimita ya isa ya sa kofi ya riƙa rawa a gidansa. A jerin na Italiya, 22 da 54 shi ne lamba 1, 27 da 74.6 lamba 4, 30.2 da 80 lamba 5, 30.2 da 92 lamba 6. Duba na biyar da na shida: kofinsu ɗaya, tsawo ne ya raba su, kuma nan ne mutane suka fi sayen kuskure. Tunda naka ya tarwatse, cire na ɗaya ɓangaren ka auna, galibi iri ɗaya ne.

Bututun kuwa, leƙa bakinsa. Mai kusurwa uku salon Italiya ne, mai siffar lemon tsami ko tauraro na Jamus, mai kusurwa huɗu na Amurka. Ba sa shiga juna. Amma a ganina, bututun da ya lanƙwashe ya gama aiki. Za a ce maka a gasa shi a miƙe, zai kuma miƙe a ido, sai dai ba zai ƙara zamewa ciki da waje yadda ya kamata ba. Ranar da ya cije kana ɗaga silasha, giyabos ne zai biya. Sayi shaf sukutum, ka huta.

Nan ne ma farfelar mota ta faɗi. An yi ta ne ta ɗan motsa kaɗan a ƙarƙashin mota, ita kuwa silasha ana ɗaga ta ana sauke ta, tarakta na shiga kwari tana fita, shaf na tsawo yana gajarta duk yini. Ga walda in ta kauce daga tsakiya ko yaya, girgiza za ta cinye boris da sil. Sannan farfela ba ta da notin kariya, wanda aka yi shi don ya karye idan wuƙa ta daki kututture ko dutse. Na sha ganin manomi ya gaji da canza shi ya zura ƙarfe mai tauri a ramin, yana murna ya yi dabara, kafin kaka ta wuce haƙoran giyabos sun zube. Idan taka mai kulocin kariya ce a maimakon noti, kwance ta ka duba faifan, domin in ta daɗe a ajiye tsatsa kan manne su.

Inda za ka nema: Panteka a Kaduna ta fi kusa da kai, in babu ka wuce Ƙofar Ruwa a Kano. Ɗauki tsohon shaf ɗin gaba ɗaya a buhu, har da guntayen, kada ka tafi da hoto a waya kawai. Ka gwada bakin da ke shiga giyabos ɗin silashar, don wani mai haƙora ne, wani kuma rami ne zagayayye da noti. Na hannu ba laifi in ka murɗa shi ba ka ji kuros na lilo ba.

Sabo yakan zo da tsawo. Ɗaga silashar zuwa inda tazara ta fi gajarta, ka auna, ka yanke daidai wa daida daga bututun biyu, ka goge bakin, ka shafa giris. A inda ya fi miƙewa kuma, kada abin da ya shige cikin juna ya gaza kashi ɗaya cikin uku.

Rigar robar da ke kansa kada ka bari yaran tarakta su cire ta. Juyi 540 a minti tara ke nan a daƙiƙa ɗaya, kuma mu masu sa manyan riguna ne. Ɗaure 'yar sarƙarta a jikin tarakta don kada ta bi shaf ɗin juyi, kuma a kashe inji kafin kowa ya sunkuya ya cire ciyawar da ta naɗe.