Tambaya da Amsa: Da waya da madubin hangen nesa, zan iya shiga gasar hoton tsuntsaye?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni malamin makaranta ne a Gashuwa, ina yawan zuwa fadamar Dagona kallon tsuntsaye. Wani abokina ya ara mini madubin hangen nesa mai ido ɗaya, irin wanda ake ɗorawa a kan ƙafa uku, an rubuta 20-60x80 a jikinsa. Na ga sanarwar wata gasa ta hotunan tsuntsayen daji da aka ɗauka ta cikin irin wannan madubi. Ba ni da babbar kyamara, waya ce kawai. Za su karɓa? Me ya sa in na murɗa shi zuwa 60 hoton ke fitowa dishi-dishi? Sannan akwai shamuwa da ke sheƙa a kan tsamiyar gidanmu duk damina, ita ma ta daji ce a wurinsu?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Waya ba ta hana ka shiga, sai dai in dokar gasar ta faɗa ƙarara. Asalin wannan fanni ma da ƙaramar kyamara ya fara. A 1999 wani mai kallon tsuntsaye ɗan Maleshiya, Laurence Poh, ya kara ƙaramar kyamarar Nikon a idon madubinsa, ya ga hoto ya fito, daga nan abin ya bazu. Daga baya kamfanin Swarovski na ƙasar Ostiriya, wanda ke ƙera irin waɗannan madubai, ya riƙa shirya gasar gwarzon shekara ta masu wannan ɗauka. Sharaɗin da ya haɗa irin waɗannan gasa shi ne hasken ya bi ta cikin madubin kafin ya isa kyamara. Yau kuwa waya ce mafi yawan abin da ake karawa.

Tambayarka ta biyu ita ce mai nauyi, don a nan sababbi suka fi faɗuwa.

Lambar 80 faɗin gilashin gaba ne, milimita 80. Ita kuma 20-60 yawan ninkin da yake jawo abu ne. In ka raba 80 da 20, hasken da ke fitowa ta idon madubin faɗinsa milimita 4 ne. In ka murɗa zuwa 60, ya koma milimita 1.3. A lissafin takarda, hasken ya ragu zuwa kusan kashi ɗaya cikin tara. Da waya ta ga duhu sai ta tsawaita lokacin ɗauka, ta kuma ƙara wa kanta ƙarfin jin haske. Na farko ya sa ko ɗan motsi kaɗan ya shafe hoton, na biyu ya cika shi da tsaki-tsaki. Ga kuma girgiza: madubin da ya ninka tsuntsu sau 60 ya ninka rawar hannunka da kaɗawar iska sau 60 su ma.

Bayan duhu da girgiza, akwai na uku, wanda kuɗi ba sa maganinsa, wato iskar da ke tsakaninka da tsuntsun. Agwagin ruwa da sauran baƙin da ke zuwa Dagona daga Turai a lokacin hunturu suke cika fadamar, daidai lokacin da hazo ke rufe sararin sama. In hazon ya yi sauƙi kuma rana ta ɗaga, ƙasa da ruwa su fara fitar da zafi, sai ka ga komai na rawa kamar ƙawalwalniya. Ido yakan jure wannan, kyamara ba ta jurewa. Tsuntsun da ke nisan mita 200 da hantsi, ko da madubi mafi tsada a duniya ka zo, hoton shaida kawai za ka samu, na nuna wa abokai cewa ka gan shi.

Saboda haka tsaya a tsakanin 20 da 30. Babbar kyamarar yawancin wayoyi daidai take da gilashin milimita 26 (wannan awon ƙarfin jawowa ne, ba na faɗi ba), in ka ninka da 30 ka samu kusan 780, wanda ya wuce dogayen gilasan da ƙwararru da yawa ke saɓawa a kafaɗa. Ya isa. Abin da ya rage ka rage nisa: ka isa wurin tun duku-duku, ka zauna jikin wani kurmi ko tudu, rana tana bayanka, ka bar tsuntsayen su matso da kansu. Mita 15 zuwa 30 ne inda gashi ke fitowa ɗaya-ɗaya. Kirinjijiya da dinya ba su cika yarda da mutum a tsaye ba, amma wanda ya zauna shiru sukan manta da shi.

Sai maganar riƙo. Nemi maƙalin da ke haɗa waya da idon madubi, domin riƙewa da hannu wahala ce kawai. In ka ga baƙin da'ira ya kewaye hoton, jawo kaɗan a waya har ya ɓace, kada ka wuce nan. Wayoyi masu kyamara uku sukan sauya ido da kansu in ka jawo, sai allon ya yi baƙi ƙirin, don haka ka kulle ta a kan babbar. Fara saita kaifin da maɓallin madubi, sannan ka taɓa idon tsuntsun a allo ka kulle. Kada ka danna maɓallin ɗauka da yatsa. Sa ƙidayar daƙiƙa 3, ko ka danna maɓallin ƙarar sauti na igiyar kunne. Rage tsawon ƙafafun ukun, ka rataya jakarka a tsakiya don nauyi. Kuma ko da wasa kada ka juya madubin ya fuskanci rana, yana iya lalata ido nan take.

Shamuwar gidanku ta daji ce. Ba wanda ya ɗaure ta, ba wanda ke ba ta tsaba, da kanta take zuwa da damina ta koma kudancin Afirka in ruwa ya ɗauke. Abin da ake hanawa shi ne na keji, na kiwo, da wanda aka horar. Masu gasa ba sa wasa da wannan: a farkon 2010 gidan adana tarihin halittu na Landan ya ƙwace babbar kyautar gasarsa ta hoton namun daji ta 2009 daga hoton wani kyarkeci yana tsallake ƙyaure, bayan alƙalai sun gamsu cewa dabbar ta saba da mutane ce, ba ta jeji ba. Inda za ka yi hattara shi ne sheƙar. Gasa da dama ba sa son hoton sheƙa in da alamar an takura iyaye, kuma sukan hana yaudarar tsuntsu da abinci ko kunna masa kukan ɗan'uwansa a waya. Kada ka hau bishiya, kada ka sare reshen da ya tare maka. A nan ma madubi ya fi kowace kyamara amfani, tunda daga tsakar gida za ka ɗauka ba tare da ta san kana yi ba. Ni da za ka bi tawa, da ita zan fara. Ka san sa'ar da take kawo fara wa 'ya'yanta, ka san inda rana ke faɗo mata, ga iskar damina garau bayan ruwa. Alƙalai sun gaji da ganin tsuntsu tsaye ƙiƙam a kan reshe. Wanda ke yin wani abu, ciyarwa ko wanka ko faɗa, shi ke tsayar da su, ko da kuwa balbela ce.

Gyaran hoto kuma, ƙara haske kaɗan da yanke gefe yawanci halal ne. Goge reshe, sauya sama, ko haɗa hotuna biyu, a'a. Kashe yanayin nan na waya da ke dusashe baya da kansa, da duk wani gyaran ƙirƙirarriyar basira. Adana ainihin fayil ɗin kamar yadda ya fito, domin in ka kai zagayen ƙarshe shi za su nema, kuma wanda ya bi ta WhatsApp ya riga ya matse, ya zubar da bayanansa. Rubuta sunan madubin, da na wayar, da wuri da rana. Dagona kuwa ɓangare ce ta gandun dajin ƙasa na yankin Tafkin Chadi, sai ka sanar da ma'aikatan wurin kafin ka kafa kaya. Sannan ka karanta sakin layin da ya yi maganar haƙƙin mallaka kafin ka tura, don wasu gasar suna ba masu shiryawa damar yin talla da hotonka ko ba ka ci komai ba.